Kaskar Kare, a Wuyan Wa Alhakinta Ya Ke?

Shin mutum yana da wani hakki a wuyansa game da dabbar da ba ya cin namanta, ba ya shan nononta, ba ya hawanta, ba ya ma yarda ta goga jikinta da rigarsa? Wannan ita ce tambayar da na ke so mu juya yau, 'yan makaranta. Don kada maganar ta tashi sama ta bar mu a ƙasa, sai mu ɗaure ta jikin wani abu ƙanƙane wanda kowa ya sani, watau kaska da ƙuma a jikin kare.

Duk wanda ya ratsa lungunan Gidan Igwai a birnin Sakkwato da rana tsaka, lokacin bazara, ba zai rasa ganin kare kwance gindin katanga ba, harshe waje, yana ta soshe-soshe. In ya matsa kusa ya duba kunnensa, sai ya ga kaska jere kamar an shuka wake, waɗansu ƙanana jajaye, waɗansu sun ƙoshi sun yi furu-furu. Mai karen yana wucewa ta gabansa sau goma a yini, bai taɓa tsayawa ba. Amma fa wannan mutum ba mugu ba ne. Je ka ga ragon da ya ke turke don layya: ana yi masa wanka da sabulu, ana ba shi dusa da harawa, in ya yi tari sau biyu an kira mai magani. Je ka Kara ka ga yadda mai shanu ke shafa bijiminsa yana lalube, ko ka bi Bafillace ruga da sassafe, ka ga shi da 'ya'yansa sun kayar da saniya suna cire mata kaska ɗaya ɗaya da hannu, don sun san ita ke buɗe wa kirci ƙofa. Dokin sarauta kuwa ba sai an faɗa ba. Ashe ba jahiltar kaska muka yi ba. Mun san ta, mun san cirarta. Abin da muka yi shi ne muka kasa dabbobi kashi biyu, masu kuɗi a jika da marasa kuɗi a jika, muka sa kare a kashi na biyu, ko da ya ke shi ne ke kwana ido biyu don ragon da bijimin su kwana lafiya.

In ka tambayi mai karen dalili, amsar da za ka fara ji ita ce kare najasa ne, ba a taɓa shi. To, wannan magana tana bukatar a auna ta, gama galibin mutanen Sakkwato mazhabar Imamu Malik su ke bi, malaman wannan mazhaba kuwa sun tafi a kan cewa kowace dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare, har da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki, a wurinsu bin umurni ne na ibada, ba don jikinsa ƙazanta ne ba. Waɗansu mazhabobi sun saɓa musu, kowa kuma da hujjarsa, ba kuwa nan ne wurin raba wannan gardama ba. Abin da ya ishe mu shi ne, ko a wurin wanda ya ɗauke shi najasa, ruwa da sabulu suna nan. Mai jima yana wuni hannunsa cikin abin da ya fi kare wari, ba wanda ya ce ya bar sana'arsa.

Gaskiya ne littafin Risala na Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 996, littafin da ake karantawa a zaurukan Sakkwato har yau, ya hana a ajiye kare cikin gida sai don tsaron gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci. Masu sharhi sun kawo labari cewa shi kansa malamin, da katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, ya ajiye kare, da aka tuna masa da ra'ayin Malik sai ya nuna cewa da Malik ya ga wannan zamani da zaki ma zai ajiye. Ko ma dai yaya ne, ku lura da abin da hanin ya ƙunsa. An ce kada ka ajiye sai da dalili. Ba a ce in ka ajiye ka bar shi ya ruɓe da rai ba. Mutanenmu sun riƙe rabin farko na maganar, sun ƙago rabi na biyu da kansu. Abin mamaki kuma, a cikin wannan littafi ne dai aka karhanta kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta. Malamin da ya damu da irin mutuwar da ƙuma za ta yi, yaya za a jingina masa cewa bai damu da karen da ƙumar ke ci ba? Yaran da suka yi karatun allo sun san labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa, da na matar da aka azabtar don ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi abinci ba. Labarin na biyu shi ya fi kusa da zancenmu, domin laifin matar nan ba ƙin kyanwa ba ne. Tsarewa ta yi.

Don a gane abin da tsarewa ta ke jawowa, sai mu dubi rayuwar kaskar kanta, gama a nan ne hujjar ta ke.

Kaskar da ta fi damun karnukanmu wata 'yar ja-ja ce mai duhu, dabam da manyan masu zane da ake gani a hantsar shanu. Yawancin kaska 'yan daji ne, suna hawa ciyawa su jira dabba ta gifta. Wannan kuwa 'yar gida ce, tana iya yin rayuwarta duka, daga ƙwai har mutuwa, ba ta fita daga katanga huɗu ba. Macen takan kafa baki ta yi kamar mako guda ko fiye tana shan jini, har ta kumbura ta zama kamar ƙwayar gyaɗa, sa'an nan ta saki ta faɗo, ta rarrafa ta hau bango, ta shige tsaga. A can za ta zuba ƙwai, ba goma ba, ba ɗari ba, dubu biyu ko uku ko huɗu, sa'an nan ta mutu. 'Ya'yan su kan fito ƙanana kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka, da ƙafa shida. Su hau kare su sha, su sauko su saɓule fata su fito da ƙafa takwas, su sake hawa su sha, su sake saukowa su saɓe, sa'an nan su hau na uku suna manya. Hawa uku, sauka uku. In ƙasa da zafi, irin zafin Sakkwato, cikin wata biyu ko uku an gama zagaye an koma farko. In kuwa ba kare a kusa, suna iya yin watanni cikin tsagar bango ba ci ba sha, suna jira.

To, ku duba. Dila a daji in makwancinsa ya dame shi sai ya tashi ya sake wani. Saniya tana da carki mai bin bayanta yana tsince mata. Karen da aka ɗaure da sarƙa gindin bango ɗaya shekara da shekaru fa? Bangon nan na wa? Wa ya bar tsagar ba yaɓe? Wa ya ɗaura sarƙar? Kaskar da ta sauko jiya ita ce uwar dubban da za su hau gobe, shi kuwa ba shi da ikon matsawa taku biyar. Watau mai gida ne ya gina wa kaska gari, ya kuma ɗaure mata abinci a ƙofa. Ba da nufi ya yi ba, na yarda. Amma wanda ya haƙa rijiya a kan hanya ya bar ta ba murfi, shi ma ba da nufi ya yi ba, alƙali kuwa ba ya sallamarsa don wannan. A ganina a nan hakkin ya samo tushe. Ba daga ƙauna ya fito ba, ba kuma daga darajar dabbar ba. Ya fito ne daga abu biyu da mutum ya yi da hannunsa: ya karɓi aikin kare, ya kuma karɓe masa ikon taimakon kansa.

Sha'anin ƙuma ma haka ya ke, sai dai ita ta fi son laima. Macen tana iya zuba ƙwai arba'in ko hamsin a yini cikin gashin kare, ƙwan kuwa santsi gare su, sai su zube inda ya ke kwanciya. Waɗanda ka gani suna tsalle a jikinsa 'yan kaɗan ne ƙwarai, mafi yawa suna ƙasa, ƙwai da tsutsa, cikin tsumma da ƙura. Ranar Sakkwato da iskar hunturu suna busar da su, don haka sai a inuwa mai danshi su ke tsira, gindin randa, ƙarƙashin rumbu, balle damina ta sauka. In kana so ka tabbata ko kare na da ƙuma, taje bayansa a kan farar takarda mai ɗan jiƙe. Baƙin gari-garin da ya zubo in ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jinin karen ke nan.

Da cizon ya tsaya ga ƙaiƙayi da da sauƙi. Turawa ma ba su daɗe da sanin ƙwaro yana ɗaukar cuta daga jiki zuwa jiki ba. Sai a 1893 waɗansu masana biyu a Amurka, Smith da Kilborne, suka tabbatar kaska ce ke yaɗa wani zazzaɓin shanu mai sa jan fitsari, wannan kuwa ya riga gano cewa sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro, wanda Ronald Ross ya yi a Indiya a 1897. Kare yana da irin wannan ciwo nasa, ƙwayar cutar ta shiga jini ta riƙa farfasa shi, sai ka ga dasashinsa ya yi fari fat, fitsari ya yi duhu, ya ƙi abinci. Akwai kuma wani da likitocin dabbobi biyu Faransawa suka fara ganowa a Aljeriya a 1935, mai sa zazzaɓi da rama da haɓo, wanda daga baya ya kashe karnukan sojan Amurka da yawa a yaƙin Biyetnam. 'Yan kwikwiyo kuwa ba sai da cuta ba, yawan tsotson kaɗai ya isa ya ƙarar da jininsu. Mafarauci ya kan ce karensa ya lalace, ya zama rago, ba ya iya bin zomo, har ya ɗora masa sanda. Da ya ɗaga leɓensa ya dubi dasashi da ya ga inda gudun ya tafi.

Akwai masu jawo hankalin mutane ta wata hanya, su ce ku kula da kare don lafiyarku. Gaskiya suka faɗa. Kaskar nan in zafi ya tsananta ta kan ciji mutum, tana kuma ɗauke da wani zazzaɓi mai ƙuraje wanda aka fara bayyanawa a Tunis a 1910. Yaro mai rarrafe in ya haɗiye ƙuma yana iya samun wata tsutsar ciki irin ta kare. Amma ni ban so hujjarmu ta tsaya a nan ba. Wanda ya ke cire wa kare kaska don tsoron kansa kawai, ran da aka tabbatar masa ba abin da zai same shi, ran nan zai daina. Wannan lissafi ne, kamar na ragon layya.

Gardamar da ta fi ƙarfi ba ta najasa ba ce, ta talauci ce, kuma ba daidai ba ne a yi mata dariya. Mutum zai ce, “Malam, ɗana na kwance da zazzaɓi ban iya sayen magani ba, kai kana yi mini zancen kunnen kare?” Wannan mutum ya fi mu gaskiya a abu ɗaya: in kuɗin ɗaya ne, na yaron ne, ba shakka, duk wanda ya ce ba haka ba ya rikice. Sai dai tambayar ba ta mutu ba. Da fari, mafi yawan aikin ba ya cin ko kwabo. Na biyu kuma, wanda ya san ba shi da halin ba kare ko da wannan ɗan lokaci, me ya sa ya karɓo ɗan kwikwiyo? Ba wanda aka tilasta wa kiwon kare. Talauci yana sauke wa mutum abin da ba ya iyawa, amma ba ya sauke masa tsintsiya.

Ga yadda aikin ya ke. A sami hantsaki, ko a naɗe yatsu da ƙyalle, a kama kaskar daf da fata, wajen bakinta, a ja a hankali a miƙe, ba fizga, ba murɗawa, kada kuma a matse cikinta. A duba cikin kunne, da wuya, da hammata, da tsakanin yatsun ƙafa, gama nan su ke ɓuya. Wadda aka cire kada a jefar da ita ƙasa, don ka taimake ta ke nan ta tafi ƙwai, kada kuma a fasa ta da farce. A jefa ta cikin gwangwani mai ɗan kananzir, a wanke hannu da sabulu. In ana yin haka kowace rana ko bayan kwana biyu, ana tsinke zagayen nan tun macen ba ta ƙoshi ba, ana kuma rage lokacin da cuta za ta samu ta shiga. Sa'an nan a koma ga bango, wanda shi ne gidan abin: a yaɓe tsagogi, a share makwanci, a wanke buhun da ya ke kwanciya a kai da tafasasshen ruwa a shanya a rana, a riƙa sauya masa wurin ɗauri. Yaron makaranta ɗan shekara goma sha biyu yana iya duk wannan, in karen na gidansu ne, ya san shi. Baƙon kare kuwa, ko wanda halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalala, kada yaro ya kusance shi ko kaɗan, haukan kare ba ya da magani in ya bayyana. Allurar rigakafinsa ita ce a kan gaba da kome, ana kuwa yin ta a ƙasar nan, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924.

Wani abin baƙin ciki shi ne, sau da yawa wanda tausayi ya motsa shi ne ke yin kisan. Ya ga karensa na wahala, sai ya ɗauko fiya-fiya, ko maganin feshin gona, ko baƙin man mota, ko kananzir, ya shafe shi da shi tun daga kai har wutsiya. Fatar kare tana shan abin da aka shafa mata, shi kuma yana lasar jikinsa. Kafin la'asar sai ka ga yana rawar jiki, yawu na zuba, kaska ta mutu, mai kaska ya bi ta. Niyya ta yi kyau, amma niyya ba ta karanta takardar kwalba. Shi ya sa na ke cewa tausayi ma yana da nasa karatu, wanda kuma ya sami damar zuwa makaranta ya fi kowa alhakin wannan karatu a gidansu.

Magungunan gaskiya suna nan, karen bana shi ke maganin zomon bana. Akwai na wanka da ake surkawa da ruwa bisa awo, irin su amitiraz, amma wannan guba ne ga doki, sai a yi nesa da barga. Akwai na ɗigawa a ƙeya, irin su Frontline, da ya fito tun wajen 1995. Waɗansu na ɗigawar kuma, masu sinadarin fametirin, suna kashe kyanwa, kada a kuskura a raba mata. Akwai abin wuya mai magani. Daga 2013 da 2014 aka sami na taunawa, NexGard mai aikin wata guda, da Bravecto mai kai mako goma sha biyu. Waɗannan da tsada, ba kowa zai iya ba, kowanne kuma gwargwadon nauyin kare da shekarunsa ake ba da shi, ɗan kwikwiyo ba ya ɗaukar abin da babba ke ɗauka. Mutumin Gidan Igwai ba shi da uzurin nisa, gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen koyar da likitancin dabbobi da asibitinsa a Sakkwato, ban da asibitin dabbobi na gwamnatin jiha. Kunya ce ke hana mutane, wai kada a ga dattijo da gemunsa yana jan kare zuwa asibiti. Dattijon nan kuwa bai ji kunyar barcin da ya yi jiya bisa amanar haushin karen ba.

Saura wani kare da duk hujjar nan tawa ba ta kai gare shi ba, watau wanda ba shi da ubangiji, mai kwana a juji, mai bin mahauta. Ba wanda ya ɗaure shi, ba wanda ya karɓi aikinsa, to wa za a kama? A nan maganar ta yi wuya, don in ka ce alhakin kowa ne, ka ce ba na kowa ba ne. Amma ku tuna yawancinsu ba daga daji suka zo ba. Kwikwiyon da yara suka gaji da wasa da shi ne, ko tsohon karen farauta da gudu ya ƙare masa aka kore shi. Kaskarsa kuma ba ta san iyakar gida ba, bangonka da na maƙwabcinka ɗaya ne a wurinta, ka share naka yau, jibi ta hauro. A jihar Arizona ta Amurka, tun daga 2003, wani mugun zazzaɓi na can ƙasar, wanda irin wannan kaska ce ke ɗauke da shi, ya riƙa kashe mutane a garuruwan 'yan asalin ƙasar inda karnuka ke yawo sakaka, da yawa cikin mamatan yara ne. Magani gida ɗaya ɗaya bai yi ba. A 2012 sai aka ɗauki gari guda, aka bi shi gida gida, aka ɗaura wa kowane kare abin wuya mai magani, aka yi ta feshin tsakar gidaje wata bayan wata, kafin shekara ta zagayo da ƙyar ake samun kare mai kaska a garin.

Unguwa kamar Gidan Igwai tana da mai unguwa, tana da limamai, tana da 'yan sintiri waɗanda su kansu da karnuka su ke zagayawa da dare, tana da mafarauta masu shugabanninsu. In waɗannan suka sa rana ɗaya, suka gayyato likitan dabbobi ya zo da allura da ruwan wanka, kuɗin da zai faɗa kan kowane gida ba zai kai na zuwa asibiti kai kaɗai ba, ba kuwa wanda zai ji kunya tun da kowa ya fito da nasa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Mayu, kafin ruwan farko, sa'ad da ake yaɓen katanga da gyaran indararo, a toshe tsagogin gaba ɗaya, sa'an nan a maimaita wankan yadda likitan ya tsara har damina ta wuce.